Godiya ga waɗanda suka ara mini lokacinsu har wasan ya fito

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ɗan wasan bidiyon nan na bushiya da na daɗe ina cika muku kunne da zancensa ya kammala. Na ɗora shi a itch.io, shafin intanet da masu haɗa wasanni ke ɗora nasu, makon jiya, kyauta ne, ana buga shi a kwamfuta da kuma wayar Android. Tun daga ranar saƙonnin barka suke ta shigowa, wasu kuma suna tambaya yaya aka yi mai aikin ofis, mai iyali, ya samu sukunin wannan. Gaskiya ni na rubuta kod ɗin, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta tafiyar da wasan, ni na zana bushiyar, amma yawancin sa'o'in da na yi aikin a cikinsu ba nawa ba ne. Na wasu mutane ne, suka haƙura suka bar mini. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Uwargida ce a gaba. Duk wanda ya taɓa haɗa wasa ya san ba aikin minti goma nan, minti goma can ba ne. Kafin mutum ya tuno inda ya tsaya, ya sake riƙe wa kansa yadda wannan fayil yake kiran wancan, rabin sa'a ta wuce bai rubuta ko layi ɗaya ba. Ita ce ta fara lura da haka, ganin ina buɗe kwamfuta kullum amma ina rufewa rai a ɓace. Sai ta kawo shawara mu raba dararen mako: a wasu ta ɗauki aikin gida na yara da kwantar da su, ni in zauna da aikina ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa, a wasu kuma ni in ɗauka, ita ta samu ta koma kan keken ɗinkinta. Sharaɗinta ɗaya ne, idan lokacin barci ya yi a rufe kwamfuta, ko da ana tsakiyar gyara. Ita ce kuma ta sayo mini ɗan littafi ta ajiye kusa da linzamin kwamfutar, ta ce kada in tashi sai na rubuta abin da zan fara da shi in na dawo. Yana gabana yanzu. Wani shafi ya ce: "Ƙofar mataki na uku ba ta buɗewa idan an taho da gudu. Fara duba girman akwatin karo." Akwatin karo shi ne iyakar da wasan ke dubawa ya gane abu biyu sun taɓa juna. Irin wannan layi ɗaya shi ke mayar mini da rabin sa'ar nan. Uwargida, Allah ya saka miki da alheri, ya bar mu tare.

Sai 'yata ta fari, wadda ta zama mai gwajin wasan ba tare da an naɗa ta ba. Wata rana na miƙa mata wayar, ina tsaye a bayanta ban ce komai ba. Bushiyar ta zo bakin rami, ta danna maɓallin tsalle, bushiyar ta faɗa. Ta sake, ta sake faɗawa. Ta ajiye wayar ta ɗago kai ta ce, "Baba, na danna fa. Ita ce ba ta ji ba." Gaskiyarta. Wasan yana sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kuma a lissafinsa ƙafar bushiyar ta riga ta bar ƙasa kafin yatsan yarinyar ya sauka, alhali a idonta tana kan gaɓa. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin maganin: a bar wa mai wasa ɗan sarari, kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato hoto 6, wanda tsalle zai karɓu ko da an ɗan wuce bakin ramin. Layuka kaɗan ne a kod. Da na saka, ta tsallake ramin karon farko, ba ta ma san an canza wani abu ba. Duk wanda ya rubuto yana cewa tsallen wasan yana da daɗi a hannu, ita zai gode wa. Allah ya yi miki albarka, 'yata.

A tsakiyar aikin mahaifina ya kwanta rashin lafiya, muka yi watanni tsakanin gida da asibiti. Wasa bai ko zo mini a rai ba a lokacin, kuma haka ya dace. Yaya da ƙannena, mun raba kwanan jinya ba wanda ya ƙirga wa wani, Allah ya bar zumunci. Baba ya samu sauƙi, ya koma gida da ƙafarsa, wannan kuwa ya fi fitowar kowane wasa a wurina. A cikin waɗannan watanni ne kuma ma'ajiyar tsohuwar kwamfutata ta mutu ɗungurum. Abin da ya cece ni shi ne wani abokin aikina da tun farkon fari ya zauna da ni lokacin hutun rana ya koya mini Git, manhajar nan da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin kowane canji da aka yi wa kod. Shi ya nuna mini yadda zan riƙa tura kwafi zuwa intanet duk daren da na yi aiki, in haɗa da gajeren bayanin abin da na taɓa. Da ƙura ta lafa na samu wata kwamfutar, komai na nan daram. Na bi bayanan nan ɗaya bayan ɗaya har na gane tunanin da nake kai kafin in tsaya. Abokina, ka san kanka, na gode ƙwarai.

Abokan ƙwallonmu na safiyar Asabar, ku ma kuna da kaso. Akwai lokacin da na fara ɗauke ƙafa, ina cewa safiyar nan ita ce kaɗai nake da kai a sake. Ba ku cire sunana ba, kuma ba ku karɓi uzurin ba, sai dai in ji waya tana ƙara wani yana cewa, "Malam, fito, muna ƙofar gida." Ana yawan ba masu haɗa wasa shawara su ajiye duk wata sha'awa sai sun gama, ni kam ban yarda da wannan ba. Wanda ya wuni a kujerar ofis yana kallon allo, ya dawo ya sake zama gaban wani allon, wuyan hannunsa da bayansa za su gaya masa gaskiya kafin wasan ya kai rabi. Ban da haka, tangarɗar da ta hana ni sakat tsawon dare sau da yawa a filin ƙwallo take warwarewa, ko ina ba shukokin bayan gida ruwa da sassafe. Abin da na rage don in samu lokaci shi ne girman wasan. Na yanke matakai da dama da na tsara, na cire yanayin 'yan wasa biyu gaba ɗaya, ƙwallo da lambu kuwa suka zauna a wurinsu.

Kan maganar tsawon lokaci, labarin mutum biyu ya riƙa kwantar mini da hankali. Daisuke Amaya na Japan ya shafe shekara 5 yana haɗa wasansa Cave Story a lokutan da ya samu sarari, ya sake shi kyauta a 2004. Eric Barone na Amurka ya yi fiye da shekara 4 shi kaɗai a kan Stardew Valley kafin ya fito a 2016. Nawa bai kama ƙafar nasu ba, amma sanin cewa su ma shekaru suka ci ya sa na daina jin nauyi idan aka tambaye ni, "Har yanzu ba a gama ba?"

Akwai kuma waɗanda ban taɓa gani ba. Da injin Godot na haɗa wasan, wato manhajar haɗa wasannin bidiyo, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur na Ajantina suka fara, suka buɗe shi ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya ba kowa izinin amfani da shi kyauta. Ba kuɗin rajista, ba wani kaso da za a cire idan mutum ya sayar da wasansa. Ga mai ɗan lokaci irina, babban alherinsa shi ne rashin nauyi: yana buɗewa nan da nan ko a kwamfuta mai rauni, harshensa na rubuta kod, GDScript, kuma yana kama da Python, sanannen harshen kod mai sauƙin karantawa, ba ya wahalar komawa bayan an daɗe ba a taɓa ba. Zanen da manhajar Krita na yi shi, sautin na gyara da manhajar Audacity. Ƙarar takun bushiya a kan busassun ganye daga Freesound na samo, rumbun sautin da aka kafa a 2005 a jami'ar Pompeu Fabra ta Barcelona, inda wani bawan Allah ya naɗa ya ajiye don kowa ya ɗauka. Mutane da yawa da ke gyara waɗannan manhajoji su ma bayan sun tashi daga aiki suke yi. Asalin wasan ma a Ludum Dare aka haife shi, gasar haɗa wasa cikin ƙanƙanin lokaci da ake yi tun 2002, a ɓangaren da ake ba mutum sa'o'i 72. Mataki ɗaya tak na iya gamawa a lokacin, amma mahalarta da suka buga shi suka ce suna son ganin ci gaba, maganarsu ce ta sa ban jefar da shi ba.

Ƙanina, wayarka tsohuwa da ka bar mini ta yi aiki fiye da yadda kake zato. A kwamfuta wasan yana gudu sumul, a kanta kuwa sai ya riƙa sarƙewa duk inda ganye suke zuba da yawa. Da ita na riƙa aunawa ina ragewa har ya daidaita, saboda haka duk mai ƙaramar waya da wasan ya yi masa aiki, albarkacinka ya ci. Abokan aikina da suka karɓi wani ɓangare na aikin ƙarshen wata a makon da zan saki wasan, da abokai da 'yan uwa da suka ga ƙafata ta yi nisa amma ba su ƙullace ni ba, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Wanda ya buga ya ci karo da matsala, don Allah ya rubuto mini irin wayarsa ko kwamfutarsa, da matakin da abin ya faru, da abin da yake yi a daidai lokacin. Zan duba kowane saƙo. Amsa dai za ta iya kaiwa ƙarshen mako, domin dararen wata mai zuwa duka na Uwargida ne, akwai ɗinkunan da ta daɗe tana ɗagawa saboda ni. Sabon wasa kuma sai bayan yara sun gama jarrabawa, in Allah ya kai mu.