Shari'ar Bakassi da iyakar ƙarfin Kotun Duniya

A ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci cewa yankin Bakassi mallakar Kamaru ne, bayan ƙarar da Kamaru ta shigar kan Najeriya tun 1994. Alƙalan sun dogara musamman ga yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913, suka ƙi karɓar hujjar Najeriya cewa mutanenta ne ke zaune a wurin tun kaka da kakanni, kuma ita ke gudanar da al'amuransu.

Sai dai kotun ba ta da soja ko ɗan sanda da zai tilasta wa wata ƙasa bin hukuncinta. Sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ƙasar da aka ƙi cika wa hukunci damar kai kuka Kwamitin Sulhu, amma a can manyan ƙasashe masu ikon hawa kujerar naƙi ne ke da ta cewa. A ganina, abin da ya hana hukuncin Bakassi zama takarda kawai shi ne aikin haƙuri da ya biyo baya. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya haɗa shugaban Najeriya Olusegun Obasanjo da na Kamaru Paul Biya a Geneva a Nuwamba 2002, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta shata iyaka, kuma a Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka 33 na yankin Tafkin Chadi, ciki har da Darak. Yarjejeniyar Greentree, wadda ta tsara yadda Najeriya za ta janye daga Bakassi, ta zo a Yuni 2006, aka miƙa Bakassi baki ɗaya a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008, duk da ƙorafin Majalisar Dattawan Najeriya cewa ba a nemi amincewarta ba.

Inda shugabanni ba su yarda ba, doka takan tsaya cik: kotun ta ba da ra'ayinta kan Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke iƙirarin nata ne, tun 1975, amma ƙuri'ar raba gardama kan makomar yankin da aka tsara a 1991 har yau ba a kaɗa ta ba.

Ko a Bakassi ma, masuntan yankin, akasarinsu Efik da maƙwabtansu, ba wanda ya tambaye su ƙasar da suke so. Da yawa sun bar gidajensu suka koma Jihar Cross River, inda batun tsugunar da su ya ɗauki shekaru ana jan ƙafa a kansa.