Alhamis, ranar da na raka shi Kasuwar Dole

Yau ba ni da aji da safe, shi ya sa na cika alƙawarin da na yi wa maƙwabciyarmu na raka ɗanta Kasuwar Dole ta nan Damagaram mu nema masa wurin ɗinki. Kwanansa 19 ke nan da fitowa daga gidan kaso. Ba zan rubuta sunansa ba, kuma ba zan faɗi gidan da ya zauna ba. Ɗalibina ne a da, kafin ya bar lakwal ya faɗa cikin 'yan pale, gungun samarin nan masu faɗace-faɗace a gari, ya soma shan tramol, har aka yi faɗan da ya kai shi ɗauri na shekara biyu da 'yan watanni.

Tun ƙarfe bakwai ya iso, hazo ya rufe gari, sanyi na cizo. Na ji sallamarsa na amsa, na ci gaba da shan kunu ina jiran ya shigo. Shiru. Da na leƙa sai na tarar da shi tsaye a bakin zaure, hannuwa a baya, ga ƙofa a buɗe. Na ce, "Me ya hana ka shigowa?" Ya ce, "Mushe, ba ku ce in shigo ba." Yaron da a da yake faɗowa gidan nan ba sallama ya ɗauki tulu. Abin ya tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan.

A cikin leda ya riƙo wata 'yar riga ta yara da ya ɗinka a can ciki, da takardar shaida da ƙungiyar da ta koya musu sana'a ta ba shi. Ya ce keke huɗu ne gare su, masu son koyo kuwa sun fi a ƙirga, sai wanda ya nuna natsuwa ake ɗauka.

Alhamis ce, Dole ta cika maƙil, mutanen ƙauye sun shigo da amalanke, 'yan kabu-kabu na ta kutsawa. Tela na farko da muka je wa ya karɓi rigar, ya juya ta ciki waje, ya bi wuyan da babban yatsa, ya ja aljihun ya ga bai saki ba, ya ce hannun nan ya iya. Sai ya tambayi wa ya koya masa. Da yaron ya faɗa, sai ya ninke rigar a hankali ya miƙo mini, ba ma shi ya miƙa wa ba. Ya ce, "Mushe, kayan mutane ne a nan, shadda ce mai tsada. In wani abu ya ɓata, wa za a fara duba?" Na biyu ya ce ba shi da keke, alhali ga ɗaya nan a lulluɓe da tsumma a lungu.

A hanya yaron ya ce, "Mushe, mu daina faɗa musu." Na ce a'a. Damagaram ba ta ɓoye labari, in ba mu faɗa yau ba wani zai faɗa jibi, kuma ranar za ta fi zafi.

Na uku dattijo ne, tabaransa ɗaure da zare. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sai ya jawo ƙyalle daga ƙarƙashin tebur, ya nuna wa yaron keke ya ce ya fitar masa da aljihu. Yaron ya zauna, ya duba zaren ƙasa, ya lashi bakin zaren sama ya zura a allura karo ɗaya. Ƙafarsa na rawa da farko, can sai ta daidaita. Dattijon bai kalli ƙyallen ba, fuskar yaron yake kallo. Da ya gama ya ce, "Sati biyu na gwaji. Abincin rana nawa ne. Kai kuma Mushe, kai ne ka tsaya masa." Na ce na tsaya.

Bayan la'asar na shiga Birni gaida Kawu, don na san labarin zai yi masa daɗi. Kawu ya yi kusan shekara 30 yana gardi, mafi yawansu a gidajen kaso, tun rundunar ba ta ɗauki sunan Gard Nasiyonal da take da shi yau ba. Na tarar da shi a ƙofar gida da abokinsa Alhaji, mai sayo kaya daga Kano, ana ta shayi.

Ina gama ba su labari Alhaji ya ce shi a ganinsa gwamnati ta gaji da wannan kaya na riƙon gidajen kaso. Ya ce a dubi yadda uwaye ke ɗaukar kwano kullum suna kai abinci, a dubi cunkoso, a dubi keke huɗu ga mutane ɗari. A ba 'yan kasuwa mana, kamar yadda ake yi a Amurka. Ɗan kasuwa in an ba shi kwangila ya san in bai yi ba za a karɓe.

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma na faɗa masa haka. Amma wannan batu na daɗe ina karanta shi, tun da aka kama yaron nan, kuma abin da na gani bai kwantar mini da hankali ba. Na ce, "Alhaji, a Amurkar ma ba duka ba ne, wajen kashi 8 cikin 100 na fursunoni ne ke hannun kamfanoni." Abin ya kankama ne a 1983 da kamfanin CCA a jihar Tenesi, wanda ya koma CoreCivic a 2016, sai kuma GEO Group. Yadda ake biyansu shi ne inda gizo ke saƙar: kuɗi kaza a kan kowane kai, kowace rana. Wasu kwangilolin ma akwai sharaɗin cewa gwamnati ta lamunce gadaje za su cika kashi 80 ko 90 cikin 100, in ba su cika ba ta biya kuɗin gadon da ba kowa. Na ce masa, "Alhaji, ku da kuka san kasuwa, wane mai shago ne ke addu'ar kada mai saye ya dawo?"

Ya yi dariya ya ce ai alƙali ne ke ɗaurewa, ba kamfani ba. Sai na ba shi labarin jihar Fensilbaniya, inda aka samu alƙalai biyu suna karɓar kuɗi daga masu gidajen tsare yara na kasuwa, suna ta tura musu yara a kan laifuffukan da ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya daga cikinsu, Mark Ciavarella, an yanke masa shekara 28 a 2011. Su kansu Amurkawa ba su tsaya a magana ɗaya ba: a 2016 gwamnatin Obama ta ce ma'aikatar shari'a za ta janye daga hulɗa da kamfanonin, a 2017 gwamnatin Trump ta soke, Biden ya maido da hanin a 2021, Trump ya sake sokewa a 2025. A Isra'ila kuwa kotun ƙoli ce ta haramta abin gaba ɗaya a 2009, ta ce tauye 'yancin mutum aikin hukuma ne, ba abin neman riba ba.

Kawu duk bai ce komai ba sai da na ambaci masu gadi. Na ce kamfani in zai rage kashe kuɗi, ba bango zai rage ba, ma'aikata zai rage, ya ɗauki sababbi masu arha. A Ingila, gidan kason Birmingham da kamfanin tsaro na G4S ke riƙe da shi ya lalace har gwamnati ta karɓe shi a 2018. A nan Afirka ma, a gidan kason Mangaung na Afirka ta Kudu, shi ma a hannun G4S a lokacin, a 2022 wani fursuna mai suna Thabo Bester ya tsere aka bar gawa ƙonanniya a ɗakinsa don a ce shi ne ya mutu, da haɗin bakin na ciki, sai a 2023 aka kamo shi a Tanzaniya.

Nan Kawu ya ajiye kofi. Ya ce, "Ɗana, ka bar ta Turawa, ka ji tamu. Mu bindiga aka koya mana da fareti, sannan aka miƙa mana mabuɗai. Ba wanda ya koya mini abin da zan ce wa mutumin da aka aiko masa cewa matarsa na neman saki, ko uwarsa ta rasu an rufe ba shi. Da kaina na koya, kuma sai da na yi shekaru." Ya ce aikin da ake gani shi ne ƙirga da safe, ƙirga da yamma, binciken kwanon abinci a ƙofa, raka mutum jastis ko likita. Wanda ba a gani shi ne ka san wane ne ya daina cin abinci kwana biyu, wane ne sarkin ɗaki ke matsa wa, wane yaro ne bai kamata ya kwana kusa da wane ba. Ya ce da dare in an kulle, sarkin ɗaki ne ke mulki, shi ma ɗan kaso ne, kuma gardin da bai san halin sarakunan ɗakunansa ba bai san gidan da yake gadi ba. Abin da ya fi cin ransa, in ji shi, masu jiran shari'a: mutum bai san ranar fitarsa ba, yaya za ka ce masa ya zauna ya koyi sana'a?

Ya ce irin wannan sani ba ya samuwa ga wanda aka ɗauka bana zai tafi baɗi. Shi ya sa ya yi murna da dokokin 2017, da suka tanadi ma'aikatan gidan kaso na musamman masu nasu horo, suka kuma buɗe ƙofar a sa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon a kulle shi. Fatansa ya ga abin ya cika ko'ina tun yana da rai.

Alhaji ya ce to ke nan ɗan kasuwa ba shi da wuri sam? Na ce yana da shi. Faransa tun 1987 ta raba aikin: kamfani na iya riƙe girki, wanki, gyaran gini da wuraren aikin hannu, amma shugabancin gidan, gadi da rajistar fursunoni suna hannun hukuma. Wannan zan iya zama a tattauna. Wanda ya fi burge ni ma shi ne gwajin da aka soma a Peterborough ta Ingila a 2010, inda masu zuba kuɗi suka ɗauki nauyin ƙungiyoyin da ke bin masu gajeren ɗauri bayan sun fito, da sharaɗin ba za a biya su ba sai in komawa laifi ta ragu. Ta ragu da kashi 9 cikin 100, aka biya su. Ba yawa ba ne, amma an ɗora ribar a kan mutum ya zauna a gida, ba a kan ya kwana a ciki ba. Mabuɗi dai ban yarda a ba wanda cikar ɗaki ce cinikinsa ba. Ba a ba kura ajiyar nama.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce in yaron ya wuce gwajin sati biyu, a kawo masa shi ya auna yaransa kayan salla. Kawu kuma ya ce in turo shi ranar Juma'a bayan masallaci, yana son ya gan shi. Na tambaye shi ko ba ya jin yaron zai tsorata da tsohon gardi. Ya ce shekarun baya wani ya tare shi a tasha ya rungume shi yana kuka, bai ma gane shi ba sai da ya tuna masa ɗakin da ya zauna, yanzu direba ne da 'ya'ya biyar.

Da na dawo gida bayan isha'i na tarar uwar yaron ta aiko da fura a ƙwarya, an rufe da faifai. Na leƙa in yi godiya. Ta ce, "Malam, Allah Ya saka. Tun da ya dawo bai yi barci kafin asuba ba, yau ga shi can ya kwanta tun magariba." Ta roƙe ni in bar wayata a kunne, don dattijon ya ce ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shago, kuma tana tsoron su makara. Na ce zan buga musu ƙofa in na fito sallar asuba. Na kuma ciro tsohon almakashin mahaifiyata daga akwati, gobe in bi da shi wurin mai wasa wuƙa kafin in kai masa.