Sa'a ɗaya tak da ta cinye mini kusan fam 160 a Bradford

Ranar Lahadi 26 ga Maris 2023, rana ta huɗu da kama azumi, na bi agogunan gidanmu ɗaya bayan ɗaya ina ƙara musu sa'a guda, kamar yadda ake yi a Ingila duk Lahadin ƙarshe ta watan Maris. Na gyara na bangon falo, na gyara na murhun girki, sannan na buɗe ɗan ɗakin da tankin ruwan zafi yake, na murɗa ƙaramin agogon da ke kunna shi da daddare. Bai ɗauke ni minti biyu ba. Wannan murɗawar ita ce har yau take yi mini zafi.

Mun sauka Bradford daga Zariya a Satumbar 2022, ni da maman yara da yaranmu biyu, daidai lokacin da kuɗin wuta ya zama abin da kowa ke kuka da shi. Hukumar Ofgem mai kula da farashin makamashi ta riga ta ɗaga iyakar abin da matsakaicin gida zai biya a shekara daga fam 1,277 zuwa fam 1,971 a watan Afrilu, kuma ta sanar cewa a Oktoba zai kai fam 3,549, kafin gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da shi a fam 2,500. Iskar gas ce ta yi tashin gwauron zabi, yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara rura wutar. Gidan da muka kama kuwa babu gas ko kaɗan. Girki, wanka, ɗumama ɗaki, duk da lantarki ne, a kan tsarin Economy 7 da suke amfani da shi tun 1978: sa'o'i bakwai na dare da araha, sauran goma sha bakwai da tsada fiye da farashin gama-gari. A takardar farko da ta zo mana, yunit ɗaya da rana ya ɗan haura kwabon Ingila 40, da dare kuma bai kai rabin haka ba.

Gaskiya tsarin bai ba mu tsoro ba. Duk wanda ya tashi a gida Najeriya ya san tashin ƙarfe biyun dare don an kawo wuta, a yi guga, a ja ruwa, a cika wayoyi da caji kafin a ɗauke. Maman yara ta ce da ni, "Malam, ai wannan mun saba. Can muna bin wuta, nan kuma muna bin farashi." Mai gidan ya ce arahar tana farawa sha biyu da rabi na dare ta ƙare bakwai da rabi na safe, muka tsara rayuwarmu a kan haka. Hunturun farko ya tafi yadda muke so. Hitocin bango masu bulo a ciki suna shan wuta da dare suna sakin ɗumi da rana, muka koyi rufe maɓallin sakin ɗumin kafin mu kwanta don kada zafin ya ƙare tun kafin la'asar. Fiye da rabin wutar da muke sha ta koma ta dare. Na yi alfahari da wannan sosai, har ina koya wa sababbin zuwa a masallaci.

Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya gaya mini, shi ne mitarmu ba ta san da wani canjin agogo ba. Tana kan lokacin GMT, wato agogon hunturu na Ingila, rani da damina. Da ƙasar ta matsa gaba da sa'a ɗaya, arahar ta koma daga ɗaya da rabi na dare zuwa takwas da rabi na safe a agogon bango. Ni kuwa na tura agogon tanki gaba, ya ci gaba da kunnawa sha biyu da rabi, wato sa'a guda cur kafin a buɗe ƙofar araha.

Wani zai ce sa'a ɗaya ce cikin bakwai, me ta kai? To ba kowace sa'a ba ce. Ita ce sa'ar da tanki ya fi sanyi, bayan kowa ya yi wankan dare an wanke kwanukan buɗa-baki. Ƙarfen da ke dafa ruwan yana jan kilowat 3, kuma a wannan sa'ar ta farko ba ya hutawa ko na daƙiƙa. Kafin arahar ta shigo ya riga ya yi kusan rabin aikinsa da kuɗin rana. Injin wanki ma haka: na saita shi ya tashi sha biyu da rabi, kuma yawancin wutar da yake sha a farkon wankin ne, lokacin da yake ɗumama ruwa. Duk abin da na tsara don ya faɗa cikin araha, kansa mafi nauyi ya faɗa waje.

Da kuɗin ya tashi a Afrilu ban yi zargin komai ba, domin ina da amsa a hannu. Tallafin fam 400 da gwamnati ta raba wa gidaje, fam 66 ko 67 kowane wata daga Oktoba zuwa Maris, ya ƙare a daidai lokacin. Na ce shi ke nan, tallafi ne ya tafi. Ga shi kuma mun kashe hitoci da sanyi ya ja baya, jimillar yunit ta ragu, sai ɓarnar ta ɓuya a ciki. Daga nan kuma kamfanin wuta yana cirar kuɗi iri ɗaya daga asusuna duk wata, ni kuma ina tura musu lambobi biyu na mitar, ta rana da ta dare, ba tare da na tsaya na kwatanta su ba. Da na raba na dare da jimilla ko sau ɗaya, da na ga rabon dare ya faɗi warwas. Wata shida ina rubuta lambobin da hannuna.

Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, wanda ya fi shekara talatin a ƙasar, ya buɗe mini ido a ƙarshen Satumba. Muna fitowa daga sallar isha'i ina ba shi labarin yadda muke wanki sha biyu da rabi, sai ya tsaya.

"Ɗana, sha biyu da rabi na wane agogon?"

Na ce, "Baba, agogo ai ɗaya ne."

Ya girgiza kai. "Naka ɗaya ne. Yau kada ka kwanta, je ka zauna gaban mitarka ka ga lokacin da za ta juya."

Na ɗauki kujera na zauna a lungun da mitar take. Sha biyu da rabi ta yi, na ji tanki ya fara kuka a ɗakinsa, injin wanki ya fara jan ruwa, lambar rana kuma tana ta tafiya a gabana. Na zauna ina kallon ta tana ƙaruwa. Ƙarfe ɗaya da rabi daidai na ji ƙas, alamar ta koma layin dare. Ban iya barci ba a daren nan. Na ɗauko takardun wata shida na yi lissafi: yunit uku na tanki kowane dare, ga na wanki sau uku ko huɗu a mako, a ninka da bambancin farashin rana da na dare, kwana kusan 185. Ya tasam ma fam 160. A canjin lokacin ya haura naira dubu 150, kuma a watannin nan ne na rage abin da nake aika wa mahaifiyata saboda ina ganin babu hali.

Amma abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne safiya. Sa'ar da na rasa da dare ba ɓacewa ta yi ba, tana nan zaune daga bakwai da rabi zuwa takwas da rabi na safe, lokacin da gida ya fi buƙatar wuta. Ni kuwa duk bazarar nan na kafa doka: bakwai da rabi ta yi, a kashe dutsen guga, a sauke tukunya. Na sha tashin maman yara da wuri don ta gama gugar kayan makaranta, na sha yi wa babbar 'yata faɗa don ta kunna butar shayi takwas saura kwata. Alhali a wannan lokacin wutar tana kan mafi arhar farashinta. Washegari na zaunar da su na ba su haƙuri. Maman yara ta ce, "Ba komai Malam, rashin sani ya fi dare duhu." Ta yafe nan take, ni ne dai abin bai sake ni ba.

Ba kowace mita ce take haka ba. Wasu suna bin canjin agogo, kuma sa'o'in arahar sun bambanta daga yanki zuwa yanki, wani wurin ma a rabe suke gida biyu. Shi ya sa ba na ƙara yarda da abin da mai gida ko maƙwabci ya ce, ko abin da na karanta a takardar wani. Duk wanda ya tambaye ni yanzu, abin da Baba ya ce da ni nake ce masa: sadaukar da dare ɗaya, ka ga juyawar da idonka, ka sake dubawa bayan an canja agogo a Maris da Oktoba. Sannan duk wata ka duba rabon dare cikin jimilla. Idan bai kai wajen kashi 40 cikin 100 ba a tsawon shekara, tsarin yana cin ka ne, gara ka nemi farashi guda. Mu da hitocin bulo da tanki, yana biyan mu. Wanda ke ɗumama gidansa da gas da wuya ya ci ribarsa.

Abu ɗaya da na ƙi yi ko don araha shi ne barin na'urar busar da kaya tana aiki muna barci. 'Yan kwana-kwana a nan suna yawan gargaɗi a kai saboda gobara, kuma da yara biyu a gida ba zan saya da rai ba. Yanzu bayan sallar asuba muke kunna ta, idonmu biyu, kuma har yanzu cikin araha ne. A lokacin ne ma maman yara take ɗora wake ko naman da zai daɗe a wuta, abincin rana ya nuna kafin farashi ya juya. Azumin 2024 kuwa girkin sahur gaba ɗaya a farashin dare muka yi shi.

Agogon tankin na mayar da shi GMT a daren da na gano, na yanko takarda na rubuta da jan biro, da Hausa, "Kada a taɓa, ko an canja lokaci", na manna a kansa. Da Maris ta sake zagayowa na gyara na falo da na murhu, na wuce ƙofar ɗakin tankin ban buɗe ba. Duk da haka sai da na sa ƙararrawar waya, na tashi ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar, na tsaya gaban mita har na ji ƙas ɗin nan, sannan na koma na kwanta.