Kacici-kacicin jaridun Ingila idan jigonsa sunayen salon haruffa ne

Duk mai aiki a shagon buga katin biki ko allon talla a Kaduna, daga Tudun Wada har titin Ahmadu Bello, kullum idonsa na kan jerin sunayen nan da ke saman Word ko CorelDRAW: Arial, Calibri, Garamond, Impact. Jerin nan da ya haddace ba da niyya ba rabin makami ne wajen warware wani kacici-kacici na jaridun Ingila, wanda ake cike haruffa cikin gidaje, wasu kalmomi a kwance, wasu a tsaye. Nau'in da nake nufi shi ne mai ɓoye ma'ana, wanda ya kafu a Ingila a shekarun 1920. Wani lokaci mai shiryawa yakan ɗauki jigo guda ya gina amsoshi da yawa a kansa, kuma a ganina sunayen salon haruffa na cikin jigogin da suka fi daɗin aiki.

Allon yawanci gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye, tambayoyi kusan 30, kuma kusan rabin haruffan kowace amsa suna haɗuwa da na wata. Kowace tambaya kashi biyu ce. Akwai ma'anar amsar kai tsaye, wadda ke zama a farkon jimla ko a ƙarshenta, sai kuma wasan kalmomi da ke gina amsar harafi bayan harafi. Lambar da ke cikin baka ita ce yawan haruffa. Labarin da jimlar take bayarwa kuwa tarko ne. Kamar zaurance yake, abin da kunne ya ji daban, abin da ake nufi daban.

Kafin ka rubuta komai, karanta tambayoyin duka sau ɗaya. Idan ka ga kalmomin face, type, font ko characters suna ta maimaituwa, to jigon ya tona kansa. Face ce ta fi yaudara, domin mutum zai tafi neman fuska ko goshi, alhali typeface, wato salon haruffa, aka gutsure.

Ga misalan da na tsara. “Confused dragoman shows face (8).” Kalmar confused umarni ce: a dagula haruffan kalmar da ke kusa da ita. Dragoman na da haruffa takwas, daidai da lambar. Rubuta su a da'ira a gefen takarda, kada ka jera su a layi, don ido ya daina ganin tsohuwar kalmar. Amsa ita ce GARAMOND, sunan Claude Garamond, maƙerin haruffa na Faransa a ƙarni na 16. Shi kuwa dragoman tafinta ne, kuma asalinsa Larabci, tushe ɗaya da tarjama da muke faɗa.

“Type seen in malarial region (5).” A nan babu abin dagulawa. Seen in na cewa amsar na kwance cikin kalmomin, sai ka bi da bakin fensir: mal-ARIAL. Irin wannan ita ce mafi sauƙi, da ita ya kamata a fara don a samu haruffan haɗi. Ana kuma iya kawo Arial ta hanyar sauti, a ce “Antenna, we hear, for type (5).” We hear na nufin a saurari furuci, domin aerial, wato eriya, furucinsu ɗaya. Mai gaggawa zai rubuta AERIAL ya tarar gidajen sun gaza da ɗaya.

Akwai ta haɗa guntaye: “Stone by spring for type (8)” na ba da ROCK da WELL, dutse da rijiya, ROCKWELL ke nan. Akwai kuma mai ma'ana biyu, gajeriya ƙwarai, kamar “Messenger's face (7)”, wato COURIER, ɗan aike kuma salon nan mai kama da bugun tafireta.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayan an gano jigon. Daɗi ya kwashi mutum, ya fara cusa sunaye don tsawonsu ya yi daidai. Ɗauki gida bakwai mai farawa da C. Calibri, Cambria, Century da Courier duk sun shiga. Harafi na uku ne ke raba gardama, L, M, N ko U, saboda haka ka jira amsar da ta ratsa gidan, ko wasan kalmomin ya tabbatar maka da kowane harafi. Kuskure ɗaya a nan yakan lalata amsoshi uku ko huɗu da suka ratsa ta, ka ɓata rabin awa kana zargin tambayoyin da ba su da laifi. Shi ya sa nake cewa a yi da fensir, kuma duk amsar da ba ka iya bayyana yadda aka gina ta ba, ka sa mata ɗigo a gefe.

Rubutun sunayen ma na kayar da mutane. Univers ba shi da e a ƙarshe, Futura da a yake ƙarewa, Baskerville kuma l biyu ne, haruffa 11. Sai kuma wuce gona da iri: ba kowace tambaya ce ta jigo ba. Idan ka ga “New Roman”, zuciya za ta tafi ga Times New Roman, salon da aka zana wa jaridar The Times, ta fara amfani da shi a 1932, amma new na iya zama umarnin dagulawa, ROMAN ya koma MANOR. Wani mai shiryawan ma ba ya ambaton jigon sam. Zai kawo GEORGIA a matsayin jihar Amurka, IMPACT a matsayin karo, sai ka gama ka ga sunayen jere a allo.

Abin da ke taimakawa sosai shi ne ka jera sunayen bisa tsawonsu a takarda guda: biyar Arial, Times, Didot, shida Futura, Optima, Tahoma, Bodoni, Caslon, bakwai ka ƙara Verdana da Georgia a kan na baya, takwas Garamond, Palatino, Rockwell, tara Helvetica. Ka riƙe em da en ma, ma'aunan tazara na masu ɗab'i, domin idan tambaya ta ce space ko printer's measure galibi su ake nufi. Masu shirya wasan nan suna son tsofaffin sunaye fiye da waɗanda muke buga katin ɗaurin aure da su, don haka ka ba Caslon na Landan, Bodoni na Italiya da Baskerville na Bamingham, duk na ƙarni na 18, wuri a saman takardar.