Inda Arhar Tikitin Jirgin Sama Take Ƙarewa

Masu kwatanta kamfanonin jiragen sama masu arha da manyan kamfanoni sukan tsaya ne a kan abincin cikin jirgi da faɗin kujera, alhali a ganina bambancin hidimarsu ba ya fitowa sosai sai ranar da jirgi ya makara ko aka soke tashinsa.

Kamfanin Southwest na Amurka, wanda ya fara jigila a 1971, shi ne ya yi fice da tsarin arha, sannan Ryanair da easyJet suka baza shi a Turai a shekarun 1990, kafin Air Arabia ya kawo shi yankin Larabawa a 2003. Dabarar ita ce a sayi jirage iri ɗaya, a cika su da kujeru, kada kuma a bar su su daɗe a ƙasa. Ryanair yakan zuba kujeru 189 a cikin Boeing 737-800, ya sauke fasinjan da zai je Paris a filin Beauvais, mai nisan kimanin kilomita 85 daga birnin. Kuɗin tikitin na kujera ne kawai. Babbar jaka da zaɓen wurin zama, har da ruwan sha, kowanne da farashinsa. Ban ga aibu a wannan ba, tunda ba a ɓoye wa kowa sharuɗɗan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen canjin jirgi. Wanda ya yanki tikiti guda daga Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa ko Alƙahira, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai shi har ƙarshen tafiya, don haka idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar shi, nauyin kamfanin ne ya sa shi a wani jirgin ba tare da ƙarin kuɗi ba, sau da yawa kuma ya ba shi masauki da abinci. Jakarsa ma ba sai ya ɗauko ta a hanya ba. Yawancin kamfanoni masu arha kuwa daga gari zuwa gari kawai suke sayar da tafiya. Idan mutum ya haɗa tikiti biyu da kansa, na farko ya makara, na biyun ya ƙone ke nan. Ma'aikacin da ke kanta a filin jirgi galibi na wani kamfanin kwangila ne, ba shi da hurumin yanke hukunci, sai dai ya tura mutum ga manhajar waya.

Doka ba ta bambanta su, ko da yake mutane da yawa ba su san haka ba. A ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, fasinjan da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko ya shige su a jirgin kamfanin Turai, kuma ya isa a makare da awa 3 ko fiye, yana iya neman diyyar Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, matuƙar ba wani abin da ya fi ƙarfin kamfani ba ne ya jawo jinkirin, kamar munin yanayi. Wato mai tikitin Yuro 20 yana iya karɓar 250, yayin da wanda ya taso daga Dubai ko Doha zuwa Turai a babban kamfanin da ba na Turai ba dokar ba ta shafe shi ba.

Manyan kamfanonin ma sun fara kwaikwayon ƙananan, domin British Airways ya daina ba masu ƙaramar kujera abinci kyauta a gajerun tafiye-tafiye a 2017, da yawansu kuma yanzu suna sayar da tikitin da babu jakar awo a ciki. Saboda haka ɗalibi mai jakar goyo da zai yi tafiyar awa biyu kai tsaye ba shi da dalilin biyan tsada. Amma ɗan kasuwa mai kaya, ko dattijuwar da za ta Umra kuma sai ta canza jirgi a ƙasar da ba ta jin yarensu, ni dai tikiti guda na babban kamfani zan yankar musu, ko da kuɗin ya fi yawa.