Ku yaran da kuka shigo kokowa, kar ku gaji gabar manya

Kwanakin nan ina ganin yadda yaran gidajen atisaye ke yi wa juna habaici a Facebook da TikTok, wannan ya ce unguwarsu ce ke da maza, wancan ya ce kocinsu ne kaɗai ya san aiki, har da masu koyon jiu-jitsu da judo, irin kokowar nan ta ƙasashen waje da ake yi a kan tabarma, sun shigo layi. To ni dai na yi irin wannan haukar tun kafin waya ta zo hannun kowa, bari in gaya muku abin da na tsinta a ciki.

Lokacin da na fara, maigidanmu ba ya ga maciji da wani tsohon ɗan kokowa da ke horar da yara a can ƙetaren kasuwa. Abin da ya haɗa su ya faru tun ina goye, wasu su ce kuɗin wata gasa ne, wasu su ce makaɗi ne ya wasa ɗaya ya bar ɗaya. Mu dai yara muka ɗauki faɗan muka ɗora a kai, ba gaisuwa, in mun haɗu a bakin fili sai harara, kuma duk wanda aka gani ya leƙa wajensu sunansa munafuki.

Ga inda abin ya cuce ni. Gidanmu ƙarfi muka iya, a kama ƙugu a matse a ɗaga mutum a nana da ƙasa, kullum da mutanen nan dai nake kamawa har na haddace numfashin kowa, na san wane in ya gaji hagu yake karkata, wane kuma in ka girgiza shi sau biyu sai ya saki. Su kuwa can aikin ƙafa ne, taɗiya da harɗiya da sunkuyawa a ɗauke maka ƙafa ɗaya. Ranar da aka haɗa ni da wani siririn yaronsu a gasar bayan kaka, wallahi ban gama gyara tsayuwa ba, na miƙa hannu zan cafki ƙugunsa sai na ji ba kowa a gabana, ya nutse ƙasa, kafaɗarsa a cinyata, ƙafarsa ta harɗe ta dama, sai ga ni zaune a yashi ina kallon makaɗa. Ba laya ba ce, duk da a ranar haka na yi ta faɗa wa mutane. Jikina ne bai taɓa jin wannan kamun ba, kuma wajen da ake koyar da shi tafiyar ƙafa ce daga gidanmu.

Na biyun ya fi wannan muni, don shi har yau ina jin kunyarsa. Bayan shekaru wani yaronsu ya cire girman kai ya zo atisaye wajenmu, muka kama na kayar da shi, kafin magariba na baza labari a majalisa da tasha cewa na kayar da gwaninsu. Alhali a atisaye mutum yana gwada sabon kamu ne, yana sakin jiki da gangan don ya ga inda yake da rauni. Bai sake zuwa ba, ba wanda ya sake zuwa. Ku kuma yanzu abin ya fi sauƙi, wani ya ɗauki bidiyo a ɓoye a yanke daƙiƙa goma a saka waƙa a kai. Don Allah kar ku yi. Kayen atisaye a filin atisaye ake barinsa, haka masu jiu-jitsu, in abokinka ya buga hannu ya sallama a tabarma, ba labarin kai wa waje ba ne.

Ku duba gasar takobi ta Nijar mana, wato babbar gasar kokowar ƙasar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maradi ya ɗauka. Jihohi 8 ne, kowace ta kawo 'yan kokowa 10, mutum 80 ke nan. Goman nan ba daga gida ɗaya ake kwaso su ba, tankaɗe ake yi daga garuruwa da ƙauyukan jihar, sai a tara su waje guda su ci tare su yi atisaye tare. Wato wanda ka zaga jiya shi ne zai zama abokin kamunka gobe, shi zai gaya maka yadda wani ɗan Dosso ko Damagaram ke shiga, in ya ga dama. In bai ga dama ba ya yi shiru ya bar ka ka je ka sha ƙasa.

Masu kallon UFC, gasar faɗan cikin keji, a waya kuma, ku tambayi tarihin Brazil. Gabar 'yan jiu-jitsu da 'yan luta livre, wani salon kokowar Brazil, a birnin Rio ta kai ana bin juna har gidajen atisaye da bakin teku, a 1997 ana tsakiyar karawar Renzo Gracie ɗan jiu-jitsu da Eugenio Tadeu ɗan luta livre magoya baya suka yi wa kejin da ake faɗan a ciki ƙawanya, aka kashe fitilu aka yi ta jifa da kujeru, wasa ya tashi ba wanda ya ci, hukuma ta hana irin wannan gasa a garin na tsawon shekaru. Duka ɓangarorin biyu ne suka rasa wajen neman abinci.

Ban ce ku raina maigidanku ba fa, wanda ya koya maka tsayuwa yana da haƙƙi a kanka. In za ka je wani gida atisaye ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a bakin 'yan gulma, in ka je ka gaida mai wajen, kar ka shiga da niyyar karya musu yaro, kar kuma ka kwashi sirrin gidanku ka kai ko ka kwaso nasu zancen ka dawo da shi. In ma barin gidan za ka yi gaba ɗaya, ka yi sallama ido da ido. Wasu manyan za su yi fushi duk da haka, nawa sai da ya daina amsa gaisuwata na wani lokaci, daga baya shi da kansa ya ce in nuna wa ƙananan yara ɗaukar ƙafar nan da na koyo a ƙetaren kasuwa.