Alkunyar ɗan fari ta kusa rufe mini baki

A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Haka na taso na gani, haka na yi. Ina goya shi, ina shayar da shi, amma ko muna mu biyu a ɗaki ba na ce masa komai. In ya fara rigima, sai in miƙa masa waya ya kalli katun.

Ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, sai nuni da yatsa. Hankalina ya tashi, na kai shi asibiti. Nas ɗin ta fara tabbatar da cewa yana ji, sannan ta ce yawancin yara kan furta kalmar farko wajen shekara ɗaya, su haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Ta ce in ɗauke wayar nan. Daga baya na karanta cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo.

Amma a wurin surukata na koyi yadda ake yi. Takan ɗora shi a cinya ta ce, "Mai gidana, yau me ka kawo mini daga kasuwa?" Sai ta yi shiru tana kallon idonsa. Shirun nan nata ne ya ba ni mamaki. Tana jira har ya yi gwarancinsa, sannan ta amsa kamar ya ba ta labari: "Haba? Goro ka sayo mini?"

Na fara kwaikwayonta, da farko murya ƙasa-ƙasa don kunya. Wurin wanka nakan ambaci hannu, ƙafa, kunne, sabulu. Ina tsintar shinkafa ina gaya masa abin da nake yi. Ranar da ya ce "luwa" ban gyara masa ba, na dai ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa mai sanyi a kofi." Jiran ne ya fi ba ni wahala, domin sau da yawa nakan riga shi amsawa.

Har yau ba na kiran sunansa a gaban manya. Amma da dare, in na shimfiɗa tabarma na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yakan riga 'ya'yan maƙwabta cewa, "Ta jo mu ji ta."